Kanwa Ba Fotasiyam Ba Ce: Tsokaci Ga Masu Jinyar Mai Shan Maganin Sa Fitsari

Gabatarwa

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa mujallar ɗaliban Hausa da zancen ƙoda da ƙwayoyin asibiti? Amsar ita ce, kalma ce ta haɗa su. A garin Bauchi, kamar sauran garuruwan Arewa, da wuya a sami babban gida wanda babu dattijo ko dattijuwa mai shan maganin hawan jini ko na kumburin ƙafa. In ranar ganin likita ta zo, mu ɗalibai akan ce mu raka su, tunda mu ne 'yan bokon gida. Likita da Ingilishi ya yi karatunsa, majiyyaci kuwa da Hausa zai ji bayani, wani ma Hausar ba ita ya tsotsa a nono ba, kamar dai ni da wasu da dama a wannan sashe namu. Saboda haka duk maganar da ta zube a tsakanin harsunan nan biyu, daga hannun ɗan rakiya ta zube.

Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan ƙarancin wani sinadari mai suna fotasiyam, wanda yakan sami masu shan maganin sa fitsari. Za a duba yadda abin ke faruwa da yadda likitoci ke shawo kansa, sannan a tsaya a kan wani tarkon fassara da zai iya jefa majiyyaci cikin hatsari, wato ɗaukar kanwa a matsayin fotasiyam.

Maganin Sa Fitsari

Wannan suna ne da ake bai wa magungunan da ke tilasta wa ƙoda ta fitar da gishiri da ruwa fiye da yadda ta saba. Akan ba da su ga mai hawan jini, da wanda zuciyarsa ta gaza har ruwa ya taru masa a ƙafa ko a huhu, da wasu masu ciwon hanta ko ƙoda. Kashi uku ne sanannu. Akwai dangin tayazaid, waɗanda suka fara fitowa a Amurka a ƙarshen shekarun 1950, kuma fitaccensu shi ne wanda likitoci ke taƙaita sunansa da HCT ko HCTZ a takardar magani. Natrilix ma ɗan uwansu ne na kusa. Akwai kuma furosemaid, wanda kowa ya fi sani da Lasix, mai ƙarfi da saurin aiki, wanda akan ba masu kumburi. Waɗannan kashi biyu su ne ke zubar da fotasiyam. Kashi na uku kuwa, irin su Aldactone da amiloraid, suna sa fitsari amma suna riƙe fotasiyam a jiki, kuma za mu dawo kansu a gaba.

Tun da wuri ya kamata a faɗi cewa waɗannan magunguna ba abokan gaba ba ne. Suna da araha, suna kuma aiki sosai a jikin baƙar fata. A shekarar 2019 an wallafa sakamakon wani bincike mai suna CREOLE, wanda Dakta Dike Ojji na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashe 6 na Afirka a kan mutum 728 masu hawan jini. Haɗin amlodifin da HCT yana cikin haɗe-haɗe biyu da suka fi sauke hawan jini a binciken. To amma a cikin masu shan wannan haɗi ne aka fi samun waɗanda fotasiyam ɗinsu ya yi ƙasa. Ga amfani ga kuma illa a ƙwaya ɗaya. Abin yi shi ne a san yadda za a zauna da ita, ba a jefar da ita ba.

Yadda Fotasiyam Ke Zubewa

Fotasiyam ɗaya ne daga cikin gishirin da ke narke a ruwan jikin ɗan Adam. Kusan kashi 98 cikin 100 nasa yana cikin ƙwayoyin halittar jiki ne, musamman na tsoka, ɗan abin da ya rage shi ke yawo a cikin jini. Wannan bambanci tsakanin ciki da waje shi ke samar da 'yar wutar lantarkin da jijiya ke aika saƙo da ita, tsoka kuma ta motsa. Zuciya ma tsoka ce, don haka bugunta ya dogara ga wannan ma'auni. A jinin mai lafiya akan sami milimol 3.5 zuwa 5.0 a kowace lita. Ƙasa da 3.5 ƙaranci ne. In ya gangara ƙasa da 2.5 kuwa, magana ta zama ta gaggawa.

Ƙoda biyu na tace ruwa kimanin lita 180 a kowace rana, amma abin da ke fita a matsayin fitsari bai cika wuce lita ɗaya da rabi ba. Sauran duk ƙodar ke mayar da shi cikin jini ta wasu siraran bututu, kuma hanyar da take bi ita ce ta janyo sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishirin miya, ruwa kuma ya biyo shi. Aikin Lasix da HCT shi ne su toshe wasu daga cikin ƙofofin da ake janyo sodiyam ɗin. Sai ya wuce gaba da yawa, ruwa na biye da shi, fitsari ya ƙaru.

Matsalar tana can ƙarshen bututun. A nan akwai wata ƙofa da za mu iya kamanta ta da ɗan canji a bakin kasuwa: ba ya karɓa sai ya bayar. In ya karɓi sodiyam ya mayar cikin jini, sai ya saki fotasiyam ya bi fitsari. Gwargwadon yawan sodiyam ɗin da ya iso gabansa, gwargwadon fotasiyam ɗin da zai sallama. Bugu da ƙari, da jiki ya ji ruwa ya ragu sai ya ƙara fitar da wani sinadarin umarni mai suna aldosteron, wanda ke zaburar da ɗan canjin nan ya ƙara himma. A riƙe wannan misali da kyau, domin shi zai bayyana mana abin da ya sa yawan cin gishiri ke ƙara tsananta ƙarancin fotasiyam ga mai shan maganin.

Hausawa na cewa jiki magayi, amma a wannan ciwo jiki ba ya faɗin gaskiya duka. Da yawa ba sa jin komai sai an auna jini. Masu ji kuwa sukan yi kukan kasala, da mutuwar jiki, da ɗaurewar tsokar ƙafa da dare, da taurin bayan gida, da faɗuwar gaba. Kowace ɗaya daga cikin alamomin nan tana da gidan da muke kai ta a al'ada. Kasala a ce shawara ce ko taifot, taurin bayan gida a ce basir, faɗuwar gaba a ce tunani ne ko tsoro. Ta ƙarshen nan ita ta fi ba ni tsoro a matsayina na mai nazarin harshe, domin kalmar faɗuwar gaba ta haɗa abu biyu: fargabar da ke zuwa daga tunani, da kuma rikicewar bugun zuciya wadda ke iya kashe mutum farat ɗaya. In Baba ya ce gabansa na faɗuwa, ɗan rakiya kada ya fassara wa likita cewa Baba yana cikin damuwa. Ya tambaye shi tukuna: "Baba, zuciyar ce ke bugawa da sauri, ko kuwa tsallake take yi?" Hatsarin ya fi yawa ga mai ciwon zuciya, musamman wanda ke shan digoksin, domin ƙarancin fotasiyam yana mayar da wannan magani guba.

Tarkon Fassara: Kanwa Da Toka

Yanzu mun iso inda gizo ke saƙar. Likita zai ce da Ingilishi sinadarin potassium ya yi ƙasa a jinin Hajiya. Ɗan rakiya ya ji kalmar ta yi kama da potash, kuma tun yana firamare ya san cewa a Ingilishin Nijeriya potash ita ce kanwa. Haka ma akan fassara kaun ta Yarbawa da akanwu ta Inyamurai. Ƙamusoshin Hausa da Ingilishi ma sukan bi wannan fassara. Lissafi ya fita ke nan: sinadarin kanwa ne ya yi ƙasa, ga kanwa a kasuwar Wunti ta kuɗi kaɗan, sai a jiƙa a ba Hajiya, ko a dama mata kunun kanwa safe da yamma.

Wannan lissafi kuskure ne tun daga tushe, kuma tarihin kalmomin da kansa ya isa shaida. Kalmar potash asalinta tokar tukunya take nufi, domin Turawan da sukan jiƙa tokar itace, su tace, su dafa ruwan a tukunya har ya ƙafe. Daga irin wannan toka ne wani masanin Ingila mai suna Humphry Davy ya ware sinadarin a shekarar 1807, ya raɗa masa suna daga sunanta. Alamarsa a ilmin sinadarai harafin K ce, daga kalium, wadda ta samo asali daga kalmar Larabci ƙali, ita ma tokar tsirrai take nufi. To ita kanwa fa? Kanwa ba daga itace take ba. Gishirin ƙasa ce da ke taruwa idan ruwan tabki ko fadama ya ƙafe, kamar a yankin Tabkin Cadi da ƙasar Manga ta Jamhuriyar Nijar, inda fatake suka daɗe suna ɗauko ta zuwa kasuwannin ƙasar Hausa. Sunanta na gaskiya a Ingilishi natron ne ko trona, kuma mafi yawan abin da ke cikinta sodiyam ne haɗe da kabonet. Abin mamaki, alamar sodiyam, wato Na, daga natrium take, wadda ita kuma daga natron aka samo ta. Ashe ke nan kanwa ita ce ta ba sodiyam alamarsa, ba fotasiyam ba.

A nan sai na ce Hausa ta fi Ingilishin Nijeriya tantancewa. Matan Hausawa ba su taɓa rikita kanwa da toka ba. Sun san jar kanwa da ungurnu, sun kuma san ruwan tokar da ake tacewa daga ƙonannen karan gero ko na dawa a zuba a miya. Ruwan tokar nan shi ne potash na haƙiƙa. Da aka zo fassara sai aka ɗauki sunan toka aka laƙa wa kanwa, wataƙila don aikinsu ɗaya ne a tukunya: dukansu suna kashe tsami, suna sa wake ya nuna da wuri. Fassarar ta bi aiki, ba ta bi asali ba. A madafa babu laifi, a asibiti kuwa akwai.

Me zai faru in an ba mai shan Lasix ko HCT jiƙon kanwa? Da farko an ƙara masa sodiyam, abin da aka ba shi maganin don a rage. Hawan jini zai tashi, kumburi ya dawo. Na biyu, a tuna ɗan canjin nan na ƙarshen bututu: sodiyam ya ƙaru a gabansa, don haka fotasiyam ɗin da zai sallama ya ƙaru. Na uku, ana cewa kanwa ta kar tsami, kuma haka take yi a cikin jini ma. Maganin sa fitsari da ma yakan karkata jini zuwa wannan ɓangare, in kanwa ta ƙara tura shi, sai fotasiyam ya gudu daga jini ya shige cikin ƙwayoyin halitta, wani kuma ya bi fitsari. Wato dai an je gyara an ƙara ɓatawa ta hanya uku. Kada kuma wani ya ce to bari a koma ruwan toka tunda shi ne na gaskiya. Babu wanda ya san adadin da ke cikin ludayi ɗaya, yana iya ƙona maƙogwaro da ciki, kuma shi ma kashe tsami yake yi.

Zancen kanwa da zuciya ba sabo ba ne a ƙasar Hausa. A shekarun 1970 likitoci biyu na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Davidson da Parry, sun yi nazari a kan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta yawan abin da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta. Daga baya wani bincike da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta a asibitocin Nijeriya da dama, wanda aka wallafa a 2020, bai sami waɗannan al'adu a cikin musabbabin ciwon ba. Wannan muhawara ce ta masana a kan abin da ke haddasa ciwon. Amma mai jegon da ciwon ya riga ya kama, aka ɗora ta a kan Lasix, babu saɓani cewa kunun kanwa ba nata ba ne, ko da kuwa kaka za ta yi fushi.

Yadda Ake Shawo Kan Matsalar

Matakin farko gwajin jini ne. Shi ne wanda akan rubuta E/U/Cr a takarda, mutane kuma su kira shi gwajin ƙoda. Ana yin sa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da sauran manyan asibitoci da ɗakunan gwaji na cikin gari. Ƙa'ida ita ce a auna kafin a fara magani, a sake aunawa cikin makonnin farko domin a lokacin ne fotasiyam ya fi sauka, sannan a riƙa yi jefi-jefi, da kuma duk sa'ad da aka canza adadin ƙwaya. Wanda ke sayen Lasix a kemis don kawai ƙafarsa ta kumbura, ko budurwar da ke sha don ta rage ƙiba, sun tsallake wannan mataki, kuma ruwa ne suke zubarwa ba kitse ba.

In an ga ƙaranci, likita na da dabaru da yawa. Yana iya rage adadin magani. A da akan ba da HCT miligiram 50 har 100 a rana, yanzu kuwa 12.5 zuwa 25 aka fi bayarwa, domin an gano ƙarin ba ya sauke hawan jini sosai, sai dai ya ƙara zubar da fotasiyam. Yana iya haɗa shi da maganin da ke riƙe fotasiyam. Moduretic da tsofaffinmu suka daɗe suna sha irin wannan haɗi ne na HCT da amiloraid, ko da yake shi ma bai ɗauke wa mai shan sa gwajin jini ba. Lisinofiril da losatan su ma suna riƙewa. Ko kuma ya rubuta ƙwayar fotasiyam kanta, kamar Slow-K, wadda ake haɗiya ɗungurungum da ruwa cikakken kofi bayan an ci abinci, ba a tauna ba, ba a kuma kwanta nan take, don kada ta ci bangon ciki. Wani lokaci a sha a sha amma jini ya ƙi cikowa. Sau da yawa dalilin shi ne wani sinadarin mai suna maganisiyam ma ya zube tare da shi, kuma sai an gyara wannan ƙodar ke daina yoyo. Idan ƙarancin ya yi tsanani akan ba da fotasiyam ta ƙarin ruwa a asibiti, a hankali, ana lura da bugun zuciya. Ba abin da za a ɗaura a kemis ko a ɗaki ba ne, domin in ya shiga jijiya da sauri zuciya tsayawa take yi.

Sai abinci. A shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya sami aƙalla miligiram 3,510 na fotasiyam a rana, gishiri kuma kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Da an ambaci fotasiyam sai kowa ya ce ayaba, har ka ɗauka babu wani abu sai ita. Ayaba matsakaiciya tana da kimanin miligiram 420, wanda ba laifi, amma duk wanda ya zaga kasuwar Muda Lawal zai ga abubuwan da suka kai ta ko suka fi ta. Giram 100 na busasshen wake ya haura miligiram 1,000. Ɗanyar doya tana da wajen 800, gyaɗa wajen 700, dabino sama da 600. Ga alayyafo, ga dankalin Hausa, ga na Turawa da ake saukowa da shi daga Jos, ga tumatir da lemo da fiya. Sai dai a sani, fotasiyam yana narkewa a ruwa, don haka wanda ya tafasa ganye ya zubar da ruwan ya zubar da kaso mai yawa. Faten wake da alayyafo, wanda ba a tsiyaye komai, ya fi. Amma wake da an cika masa kanwa don ya yi laushi, a biyo da gishiri da dunƙulen Maggi uku, an ba da hannun dama ne an karɓe da hagu. A jiƙa waken tun dare, zai nuna ba tare da ita ba.

Duk da haka abinci kariya ne, ba ya cika warkar da ƙarancin da ya riga ya auku. Dalili kuwa, maganin sa fitsari yana zubar da fotasiyam ne tare da kuloraid, na cikin 'ya'yan itace da ganye kuma galibi ba da kuloraid yake haɗe ba. Shi ya sa ƙwayar da likita ke rubutawa ta haɗa su biyun.

Akwai kuma ɗaya gefen, inda garin neman gira ake rasa ido. Yawan fotasiyam ma yana tsayar da zuciya, kuma shi ma ba ya sallama kafin ya shigo. Mai shan Aldactone ko Moduretic ko lisinofiril, da duk wanda ƙodarsa ta yi rauni, kamar wasu masu ciwon sukari na shekaru da yawa, bai kamata ya sha Slow-K ɗin maƙwabcinsa ba, ko ya sayi gishirin nan na kanti da ake cewa na masu hawan jini ne, wanda aka gauraya da fotasiyam, sai da izinin likita. Shawarar da aka ba Alhaji ta ya yawaita ayaba da dabino tana iya zama haramtacciya ga matarsa, ko da kuwa ciwonsu suna ɗaya.

Lokutan da ya fi kamata a sa ido su ne na gudawa da amai, domin fotasiyam na fita ta nan ma, ƙari a kan wanda ke bin fitsari. Haka nan maganin wankin ciki, na kanti ne ko na gargajiya irin su filasko. Mai shan Lasix da gudawa ta kama kwana ɗaya zuwa biyu, a kai shi asibiti tare da dukkan kwalayen magungunansa a leda, har da na gargajiya, kada a ɓoye komai don kunyar likita. Sai kuma azumi. A 2023 da 2024 watan Ramadan ya faɗo ne cikin Maris da Afrilu, tsakiyar zafin Bauchi, inda gumi da ƙishirwa ke haɗuwa da aikin magani. Ƙwayar da aka saba sha da safe, in aka mayar da ita sahur, mutum zai wuni yana fitsari ba halin shan ruwa. Tun cikin Sha'aban ya kamata a je a tambayi likita ko za a mayar da ita lokacin buɗa baki, ko a rage ta, ko kuma majiyyacin yana cikin waɗanda azumin zai cutar, a kuma roƙi a auna jinin kafin a ga wata.